Dutsen da Na Jiƙa a Ruwan Gishiri

Dukanku kun taso kun tarar da farin dutsen nan mai tauraro a cikin kwanon sha a ɗakin innarku, kuma kowannenku da irin labarin da ya ji a kansa. Rabi ta ce ta ji an ce tsafi ne na kaka. Mutari kuwa, da yake shi ba ya rasa ta cewa, ya zaunar da ƴaƴansa ya gaya musu wai na taɓa yi wa ubana ƙaryar da ta sa muka shekara ba ma magana. Shekara! Ina ka samo shekara, ɗan nema? Wata huɗu ne da ƴan kwanaki, kuma gaisuwa ba ta taɓa yankewa tsakaninmu ba. Ƙaryar dai na yi ta, wannan ban musa ba. Amma tunda ni na yi abata, ku bar ni in ba da labarinta da bakina tun ina iyawa.

Abba, kakanku, mahaƙin rijiya ne, mutumin Guna. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kuwa in ya riƙe naka sai ka ji kamar ka kama itacen gawo. Daga Mirya har Zarmu da ƙauyukan da ke tsakani, da wuya ka sha ruwa kwana uku a jere ba ka sha daga ramin da ya haƙa ba. Yana da wata ɗabi'a da ke ba mutane dariya: ba ya wuce ƙasa ko dutse bai ɗanɗana ba. Kowace gaɓa ya sauka a cikin rami sai ya lakato ƙasar ya sa a harshe, daga nan ya gaya wa masu jan guga ko saura kwana nawa a tarar da ruwa, kuma ba kasafai yake kuskure ba. To wata rana, a wata rijiya kusa da Zarmu, ya yi nisa ƙwarai a ƙasa, sai dagi ya tono masa wani dutse baƙi-baƙi mai ja, girman dunƙulen hannu, jikinsa duk a nannaɗe zobe bisa zobe irin na dodon koɗi. Ya fito da shi a aljihu. Tun daga ranar ya kafe a kan magana guda: wannan abin halittar ruwa ce da ta zama dutse, saboda haka teku ta taɓa kwanciya a kan ƙasar nan tamu. Shi da bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin damina ba! Labarin teku a bakin alhazai da fatake kawai ya ji shi.

Ba wanda ya fi cin moriyar wannan magana irin Baba Manzo, taubashinsa, baduku a nan Zango, unguwarmu ta Damagaram. Ɗan mace da ɗan namiji ne, don haka duk abin da ya faɗa wa Abba ya faɗi banza. Shi ya laƙaba masa Sarkin Teku. In Abba ya shigo gari, tun daga nesa Baba Manzo zai ajiye basilla ya tashi yana jinjina, yana tambayar ya aka baro kifaye, ko jirgin ruwa ya iso Guna lafiya. Sunan ya bi gari har mata masu fura suka ɗauka. Abba yakan yi dariya ya rama da nasa, amma ni da nake bayansa ina riƙe da jakarsa, na sha ganin yadda yake sa hannu a aljihu ya damƙe dutsen nan bayan an watse. Abin yana ci masa rai, bai dai taɓa faɗa ba.

Shekarar da aka haifi Rabi, ƙirji ya hana shi shiga rami. Sanyin rijiya na shekara da shekaru ya taru ya zauna masa, in ya yi tari sai ka tausaya. Na je Guna na ɗauko shi da ƙyar, ya dawo wurinmu a Zango, ɗakin zaure. Mutumin da ya saba da igiya da dagi, aka ce ya zauna a tabarma ƙarƙashin darbejiya yana kallon masu wucewa. Ya rame, abinci sai innarku ta yi ta lallashi. A shekarar ce kuma maigidana, wani alhaji ɗan kasuwa, ya yarda ya ba ni kamiyo, babbar motar kaya, in yi doguwar tafiya ta farko, zuwa Kotonu ɗauko kaya. Da safen da zan tashi, na durƙusa ina yi masa sallama, sai ya riƙe mini hannu.

“Isufu, ban ce ka kawo mini riga ba, ban ce turare ba. In ka je bakin ruwan nan, ka sunkuya ka ɗauko mini dutse guda. In aza shi kusa da nawa in gani da idona.”

Na ce wannan ai ba komai ba ne, ko buhu yake so zan ciko masa. Haka na faɗa, da bakin nan nawa.

Na kuwa je bakin tekun, kada wani ya ce ban je ba. Kwana shida muka yi muna jiran a sallami kayanmu, ranar ta huɗu na bi wani ɗan garinmu muka tafi. Ni dai abin da na gani ya fi ƙarfin kaina. Na tsaya baki buɗe, ruwa ya taso ya nufo ni, na kwashi takalmana na ruga, mutane suna ta dariya. Daga nan muka shiga kasuwa, na ga atamfa, na ga agogo, na ga abubuwan da ban taɓa gani ba, na sayo wa innarku turmi guda da ɗan kunne, na sayo wa jaririya hula. Ina da shekara ashirin da bakwai, kaina yana hayaƙi. Wallahi dutsen Abba bai sake faɗo mini a rai ba. Muka yi lodi, muka haye iyaka a Gaya, muka wuce Doso, muka wuce Dogon Dutsi, muka wuce Ƙonni, ina ta waƙe-waƙena a bakin sitiyari.

Tsakanin Malbaza da Galmi mota ta ɗau zafi, muka sauka gefen gudron, wato kwalta, don ta huce. Abokin tuƙina ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota ya kwanta. Ni kuma na ɗau buta na hau wani ɗan tudu mai farar ƙasa don in kama ruwa. Ina saukowa ƙafata ta ture wani dutse, ya gangara gabana. Ganin dutsen nan yana gangara, sai gabana ya yanke ya faɗi. Na tuna. Na tsaya a wurin riƙe da buta, gumi yana karyo mini, ina lissafin kwana nawa ne tsakanina da teku. Komawa ba ta yiwuwa. In shiga gida kuma in ce wa tsohon nan na manta, shi da abu guda tak ya roƙe ni a rayuwarsa, wannan ma na ji ba zan iya ba.

Sai na duƙa na ɗauki wanda na ture ɗin. Fari ne, mai ɗan ruwan ƙasa, kewayayye, bai kai waina girma ba, gindinsa a shafe, bayansa a tashe. Da na goge shi da bakin riga sai ga zanen tauraro mai reshe biyar a bayansa, tsaf kamar an zana da allura. Na ce a raina, Allah ya rufa asiri, wannan ai ya yi kama da abin teku. Kuma da yake na san halin ubana, na san inda zai fara kai shi. Na buɗe kayan girkinmu na ɗebi gishiri, na kaɗa a gwangwani, na jefa dutsen a ciki. A ruwan gishirin nan ya yi tafiya har Maradi. Daga can na tsamo shi na aza a gaban mota, rana ta busar da shi kafin mu shigo Damagaram. Wannan ne wurin da har yau in na tuna nake jin kunya. Mantuwa kowa yana yi, amma gishirin nan sai da na zauna na yi tunani kafin in kaɗa shi.

Abba bai bar ni na sha ruwa ba. Na miƙa masa, ya sa aka kawo buta ya wanke hannu tukuna, sannan ya karɓa da hannu biyu. Ya juya shi, ya bi tauraron da babban yatsa, ya kai harshe. Sai na ga idonsa ya kawo ruwa.

“Gishiri,” ya ce. “Ashe da gaske ne ruwanta gishiri ne.”

Ya ciro nasa daga tsumma ya jera su a kan tabarma. Tsakani da Allah ba su yi kama ba, ɗaya fari ɗaya baƙi, ɗaya tauraro ɗaya nannaɗe. Amma shi ya ce ƴan gida ɗaya ne, duka biyu an yi musu zane, kuma dutsen banza ba ya zuwa da zane. Ya sa mini albarka har sai da na ji kamar in nutse a ƙasa. Daga ranar mutumin nan ya canza. Ya koma cin tuwo har da neman ƙari. Ranar Juma'a ya sa babbar riga, dutse ɗaya a kowane aljihu, duk wanda ya tsaya gaishe shi sai ya ga teku. Ni kuwa in na gan shi yana nuna wa mutane sai in canza hanya.

Innarku ce kaɗai ta sani, don ita ba a ɓoye mata abu, kallo ɗaya ta yi mini ta ce in faɗi abin da na yi. Da na faɗa mata ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana jijjiga Rabi a cinya, sannan ta ce ita ba za ta tona ni ba, amma in sani tsohon nan ba yaro ba ne, kuma gara ya ji daga bakina da ya ji daga bakin wani. Na ce ta dubi yadda yake cin abinci, so take in mayar da shi gidan jiya? Ta ce ita dai ta faɗi nata. Kusan wata biyu muna haka, kullum in ta ajiye mini abinci sai ta ɗan tsaya a kaina kafin ta tafi, ni kuma in yi kamar ban gane ba.

Baba Manzo ne ya kawo ƙarshen abin, ba kuma da mugun nufi ba. Ya gaji da jin Abba yana cika masa baki, sai ya ce zai kawo alƙali. Yana da ɗan ƙanwa, Malam Sale, mai koyar da ilimin ƙasa da halittu a lise, babbar makarantar sakandare, wanda aka ce har ƙasar waje ya je karatun duwatsu. Wata Lahadi bayan la'asar ya zo da shi. Dattawan unguwa kusan takwas suna zaune ƙarƙashin darbejiya, ni ina gefe ina dafa musu shayi. Malam Sale mutum ne siriri mai sanyin murya. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaida Abba kamar ubansa, har na ɗan ji sanyi a raina, na ce wannan ba zai kunyata kowa ba. Ya roƙi a kawo masa ruwa a kwano, da lemun tsami, da fasasshen tangaran in akwai. Innarku ta miƙo su ta bakin zaure, kuma na san ba ta koma ciki ba.

Ya fara da na Abba. Ya wanke shi, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ciro wani ɗan madubi mai ƙara girman abu ya daɗe yana dubawa. Yana yi yana bayani a hankali, yadda kowa zai gane. Ya ce duwatsu iri biyu ne ke ruɗin mutane. Akwai wanda asalinsa halitta ce mai rai, ta mutu, laka ta rufe ta, zamani mai tsawon da ba ya ƙidayuwa ya wuce har ta zama dutse. Akwai kuma ma'adini, wanda bai taɓa rai ba, ruwa ne kawai ke tara shi a cikin ƙasa kaɗan-kaɗan har ya dunƙule, wani lokaci ya fito da siffar da za ka rantse wani abu ne. Ya ce hanyar rabewa ita ce tsari: mai rai yana da ƙidaya, damansa da hagunsa suna amsa juna, yana da wurin baki, yana da wurin da gaɓa ta haɗu da gaɓa. Ya nuna wa Abba zobban dutsensa, ya ce ya duba, wannan ya yi kauri nan ya sirance can, wannan ya ɓace a tsakiya, ba inda suka nufa. Ya kankare gefe kaɗan ya ɗiga lemun tsami, ba abin da ya motsa. Sannan ya goga shi a kan karyayyen bakin tangaran, sai ga jan layi kamar tsatsa.

“Baba, ka gafarce ni,” ya ce. “Wannan tama ce. Irin wadda maƙeran da suke narkawa su fitar da ƙarfe. Ba ta taɓa rai ba.”

Abba ya karɓi dutsen ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa. Baba Manzo ya buɗe baki zai yi abin da ya saba, sai ya dubi fuskar taubashinsa ya rufe. Abba ya ce, da wata ƴar dariya da ba ta kai ciki ba, ashe shekara talatin tama yake yawo da ita a aljihu, da ya sani da ya kai wa maƙera sun yi masa fartanya. Ba wanda ya taya shi dariyar. Ya tura farin da yatsa ya ce to a duba na yaron.

Malam Sale yana ɗora madubi a kansa sai na ga ya gyara zama. Ya ƙirga rassan tauraron, biyar. Ya nuna musu ƴan ramuka ƙanana da suka jeru bibbiyu a kowane reshe, ba wanda ya saɓa layi. Ya kifa shi ya nuna wurin baki a gindi. Ya kankare ɗan gari ya ɗiga lemu, sai ga ƴan kumfa suna tashi, ya kai kusa da kunnen Abba don ya ji. Ya ce kumfar kaɗai ba hujja ba ce, farar ƙasa ma tana yi, amma kumfa ga tsari ga baki, wannan ba shakka halittar teku ce, wata ƴar dabba mai ƙaya a jiki da ke rarrafe a ƙasan ruwan gishiri, ba ta rayuwa a tafki ko kogi. Fuskar Abba ta fara washewa. Sai Malam Sale ya ajiye madubin.

“Sai dai, Baba, abin teku da aka tsinta a bakin teku ba ya ba da shaida a kan ƙasarmu. Can ne gidansa. Da a ce a nan cikin tudu aka same shi, da magana ta ƙare.”

Da ya faɗi haka sai ya sa farce ya ƙwaƙulo farar ƙasa daga ramin gindin dutsen, ya murza a yatsa, ya ɗago ya dube ni. Kallo ɗaya, bai ƙara ba. Ya san yashin bakin teku ba haka yake ba. Mutumin kirki ne, ya mayar da kansa ƙasa ya shiga goge madubinsa, ya bar ni da abina.

Abba ya ce to, shi ke nan. Ya fara naɗe tamarsa a tsumma, ya kasa ɗaure bakin. Ban taɓa ganin ubana ya tsufa ba sai a wannan lokacin. Ga shi an karɓe masa abin da ya riƙe shekara talatin a gaban abokansa, kuma abin da zai mayar masa da shi yana cikin bakina. In na yi shiru, ni ɗa ne nagari da ya je teku ya tuna da ubansa, shi kuma ya mutu Sarkin Teku na dariya. In na yi magana, shi ya yi gaskiya, ni kuma na zama maƙaryaci a gabansa da gaban dattawan da suka ga haihuwata. Ba zan ce muku na yi jarumtaka ba. Shayi ya tafasa ya zube a kan gawayi ina kallo, sai da na ji innarku ta yi gyaran murya a bayan ƙyaure sannan na ajiye butar.

“Abba, ba a Kotonu na ɗauko shi ba.”

Na faɗi duka, kaina a ƙasa: yadda na manta, inda mota ta ɗau zafi, tudun, farar ƙasar. Malam Sale ya tambaye ni wurin dalla-dalla, na kwatanta masa. Ya ce ya san tuddan nan, an san su a karatunsu, wani hannu na teku ya taɓa shigowa ya kwanta a wannan yanki tun kafin a yi mutane, kuma ko a arewa da mu, wajen Damargu, ana samun irin waɗannan halittu. Ya juya ga Abba ya ce dutsensa tama ce, amma maganarsa gaskiya ce, ya riga masu karatu da yawa faɗinta a garin nan. Dattawa suka ɗau salati. Baba Manzo ya cire hula ya ce ashe sarautar ta gaske ce, shi ya naɗa kuma ba zai tuɓe ba. Ai yana son mutumin nan fiye da yadda bakinsa ke nunawa.

Abba bai dubi ko ɗayansu ba. Ni yake kallo.

“Gishirin fa?”

“Ni na jiƙa shi, Abba.”

Ya gyaɗa kai. Ya dafa ƙasa ya tashi, na miƙa hannu in taimake shi ya yi kamar bai gani ba. Ya shige ɗakinsa, ya bar duwatsun biyu a kan tabarma.

Bai zage ni ba, bai ɗaga mini murya ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Da safe in na gaishe shi yana amsawa, har ya tambayi jaririya. Amma ya daina aikena, ko goro yake so sai ya kira innarku. Abin da ya fi ci mini rai kuma, ya daina tambayata labarin hanya. Kafin wannan, in na dawo ko daga Matamai ne, sai ya zaunar da ni ya tambayi launin ƙasar wurin, zurfin rijiyoyinsu, abin da suka shuka, in na faɗi ɗaya ya ce sannan fa. Yanzu in na dawo daga tafiyar kwana goma sai ya ce sannu da hanya, ya ci gaba da jan carbinsa. A waje kuwa girmansa ya ƙaru, har ƴan lise Malam Sale ya kawo su gaishe shi. Ni na saya masa wannan, na sani, amma ban ji daɗinsa ko na rana ɗaya ba. Na yi ta ba shi haƙuri, ya ce ai ya wuce. Na sa Baba Manzo ya sa baki, Abba ya ce masa shi bai riƙe yaron da komai ba, kawai dai in yaron ya yi magana yanzu bai san inda zai ajiye ta ba.

Ana nan har kaka ta yi. Wata rana innarku ta ce mini Abba ya ce a gaya mini yana son ganin tudun. Ta wurinta saƙon ya biyo, alhali ɗakinsa da namu taku goma ne. Na ji tsoron ƙirjinsa, tafiyar yini guda ce a kamiyo. Ta ce in kai shi, in ban kai shi ba zan yi nadamar da ta fi ta farko. Na roƙi maigidana, ya yarda in ɗauke shi a tafiyar da zan yi Ƙonni in dawo. Innarku ta dama masa fura a gora, ta naɗa masa rawani a wuya. Muka tashi bayan asuba, yana zaune tsakanina da abokin tuƙina. Har muka wuce Tasawa, muka wuce Maradi, muka wuce Madawa, in ka cire salla da fura, bai ce mini komai ba.

Rana ta karkata muka isa. Na tsayar da mota daidai wurin, na nuna masa da hannu. Ya ƙi in riƙe shi, ya hau da sandarsa, yana taku biyar yana tsayawa ya yi tari, ina biye da shi a baya. Da ya kai tsakiyar tudun ya durƙusa ya fara tona da yatsu, yadda ya saba. Bai daɗe ba ya ɗago ɗaya. Ya tofa masa yawu ya goge da babban yatsa, sai ga tauraro. Ya ajiye a gefe ya ci gaba. Ya samo wani, ya samo rabin wani, ya samo wani mai kama da ɓawon kawa. Ya cire hularsa ya riƙa zubawa a ciki. Ya lakato farar ƙasar ya sa a harshe, ya daɗe yana juya ta a baki. Sannan ya zauna dirshan, hular a cinya, yana kallon gonakin albasa da na dawa da suka miƙe a ƙasa har iyakar gani. Na tsaya nesa kaɗan, ban san ko in matso ba. Hawaye yake yi, bai kuma share ba.

Can ya yi magana, bai juyo ba.

“Isufu. Ita waccan ɗin, ta Kotonu. Da gaske ka gan ta?”

Tambayar ta soke ni, amma na san ni na jawo ta.

“Na gan ta, Abba.”

Sai ya matsa gefe, ya share ƙasar da ke kusa da shi da tafin hannu.

“To zo ka zauna ka faɗa mini yadda take.”

Na zauna, kafaɗata tana taɓa tasa. Na fara tun daga ƙarar da mutum ke ji kafin ya hango ta, da warin da iska ke kawowa, da yadda ba ta da ɗaya gaɓar. Bai ce in rantse ba. Da na tsaya in ja numfashi, sai ya ce, “Sannan fa?”

Abokin tuƙina yana ƙasa yana ta kiran mu za mu yi dare a hanya. Na ɗaga masa hannu ya jira, na ci gaba da ba ubana labari.